Kifin da Baba Ya Kama a Tafkin Kenyir

Tun da na dawo daga Malesiya abokan aikina na asibiti suka hana ni sakat. Da an ɗan sami sarari sai wata ta jawo kujera ta ce, "Sista Kulu, wai da gaske jirgin ƙasarsu a saman gada yake tafiya?" Wata kuma labarin jaka da takalma kawai take son ji. Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma kullum abin da ya fi tsaya mini a rai shi nake tsallakewa, don na san in na fara muryata za ta karye. Yanzu da aka yi shekara da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa, na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya. Wadda ta sake tambayata in miƙa mata takarda.

Mahaifinmu basarke ne, masunci ɗan masunci, a ruwan Yauri ya yi rayuwarsa duka. Shekara biyu kafin tafiyar nan hawan jini ya kayar da shi, ya tashi da hannun hagu a sanyaye. Yayana Bashir, wanda yake karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, da ya ji labari sai ya bugo waya ya ce a sayar da kwalekwalen Baba tun yana kwance a asibiti, don kada ya warke ya koma ruwa ya faɗa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na san gaskiya ya faɗa, har ni na nemo mai saye. Amma Baba bai ga laifina ba, laifin Yaya ya gani. Ranar da ya dogara sanda ya gangara kwata, wato bakin ruwan da ake ɗaure jirage, ya tarar da wani yana kwance igiyar jirginsa, daga ranar bai ƙara yi wa Yaya Bashir magana kai tsaye ba. In ya bugo waya Baba zai amsa sallama, sai ya miƙo mini. "Kulu, gaya wa yayanki lafiya lau nike."

Da Yaya ya gama karatu ya aiko mana mu zo bikin yaye su. An kuma ba shi aikin koyarwa a can, babu ranar dawowa. Ni da shi mun san in ba a shirya a wannan karon ba, mai yiwuwa ba za su sake ganin juna ba. Wata guda na yi ina lallashin Baba. A ƙarshe ya ce zai je, amma don jikokinsa.

Motar haya muka shiga daga Yauri, muka bi ta Kontagora zuwa Abuja. Hanyar ta jijjiga mu har na ji tausayin ƙugun tsohon, shi kuwa hankalinsa duk yana kan ƙaramin buhun da ya hana a sa a but ɗin mota. Bandar giwan ruwa ce da tarwaɗa, da kansa ya je kwata ya zaɓo, wai na jikoki ne. Jikokin nan ko tarwaɗa ba su taɓa gani ba. Ni dai na san wanda yake mutuwar son miyar tarwaɗa a gidanmu.

Wannan ne shigarsa jirgin sama na farko. Na zaci zai ji tsoro, sai ga shi ya nemi kujerar taga. Da muka hau kan teku ya daɗe yana leƙe, can ya taɓo ni ya ce, "Duk wanga ruwa ba kowa bisa?" Ya faɗa da takaici, kamar ya ga gona an bar ta ba shuka.

A filin jirgin Kuala Lumpur muka sha ta farko. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ganin yatsun Baba. Shekara sittin na jan koma, wato ragar kamun kifi, da igiya sun shafe zanen tas, ga hannun hagu ba ya miƙewa sai na danna masa. Jami'in ya goge gilashi, ya shafa masa mai, aka sake, aka sake. Layi ya taru a bayanmu, ni ina ta gumi cikin sanyin nan. Daga ƙarshe na yi masa bayani da Turanci cewa masunci ne. Mutumin ya juya tafin hannun Baba ya duba, ya yi murmushi ya ce kakansa ma haka nasa yake, ya buga hatimi. A wajen binciken kaya kuma wata mata mai ɗankwali ta buɗe buhun, ƙamshi ya daki hancinta ta ja da baya. Ta kira abokin aikinta suka yi ta shawara. Kilishin da na taho da shi suka karɓe, kifin Baba ya wuce. Har yau ina jin haushin kilishin nan.

Yaya Bashir yana tsaye a bakin fita da matarsa Zulai. Ya durƙusa har ƙasa a gaban mutane. Baba ya ce, "Mun same ku lafiya?" yana kallon Zulai. Sai ya juyo wurina. "Kulu, ce wa yayanki ya ɗauki buhun da hankali."

A unguwar Bukit Jalil suke zaune, hawa na ashirin da uku. Gidan tsaf, sai dai kowa ƙofarsa a rufe, maƙwabci ba ya sanin an yi baƙi. A Yauri in baƙo ya sauka, kafin ya cire takalmi kwano uku sun shigo. Jikokin kuwa, in Baba ya ce "Zo nan," sai su ce "Yes, Kaka," in ya yi dogon zance su tsaya suna kallon uwarsu ta fassara. Wannan ya ci masa rai fiye da yadda ya nuna. Yini yake a baranda yana kallon kwamin wankan da ke can ƙasa, shuɗi fes. Rana ta biyu ya tambaye ni wane kifi ake sawa a ciki, na ce babu. Ya girgiza kai.

Abinci ma sai da aka yi fama. Da safe Yaya yakan kai mu mamak, shagunan abincin Indiyawa Musulmi da ke ko'ina a garin. Ni na kamu da son wainar fulawarsu da shayin da suke ja daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Baba kuwa aka kawo masa shinkafar kwakwa da gyaɗa da wasu 'yan mitsi-mitsin kifi a gefe. Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Warangi ne wanga, a gida kaji ake ba." Miyar kuma ya ce an zuba mata sukari, gaskiyarsa ne, an zuba. Da Zulai ta yi tuwon shinkafa da miyar tarwaɗar nan, Yaya Bashir ya ci yana sunkuyar da kai, Baba yana kallonsa ta gefen ido. 

Ranar bikin, a jami'arsu da ke Jalan Semarak, an kira sunan Yaya, ya hau ya karɓo takardarsa, ni ina ta hawaye ina ɗaukar hoto. Da ya sauko cikin rigar bikin yaye ya zo ya durƙusa ya sa takardar a cinyar Baba. Baba ya shafa ta da hannun dama ya ce, "Madalla." Shi ke nan. Na ga fuskar Yaya, sai na ji kamar in kama su duka biyun in gwara kawunansu. Saura kwana biyar mu koma.

A wurin bikin ne muka haɗu da Pak Mat, wani dattijon Bamale da ya yi ritaya daga aikin ɗakin gwaje-gwajen sashen su Yaya. Gajere ne, mai dariya, ba shi da zance sai na kifi. Ashe tun kafin mu zo Yaya ya roƙe shi ya kai Baba tafki a jirginsa. Yaya ba mutum ne da ya iya cewa "yi haƙuri" ba, wannan shi ne nasa ban haƙurin. Ya ce mini, "Kulu, ke za ki gaya masa, please. In ni na faɗa zai ce a'a." Na gaya wa Baba. Ya ce, "Su da suka ce ruwa zai kashe ni?" Amma da asuba na tarar ya riga kowa shiri.

Tafkin Kenyir yana da nisa, kusan awa biyar a mota, muna jan jirgin Pak Mat a kan 'yar tirela mai taya biyu. Hanya sumul, gonakin kwakwar manja hagu da dama har ido ya gaji. Kowane wurin hutawa akwai masallaci da banɗaki mai tsabta da ruwa, abin da ya fi burge ni a ƙasar ke nan, fiye da dogayen benaye. Muka isa da la'asar, muka sauka a wasu ɗakunan katako a kan tudu. Biri ya sace mana burodi ta taga, Baba ya yi dariya ta farko tun zuwanmu.

Washegari Asabar ce, kuma ashe duk mai jirgi a ƙasar nan ranar yake fitowa. A gida kwata fili ne, kowa ya turo kwalekwalensa inda ya ga dama. A can kuwa gangaren siminti ne guda ɗaya mai shiga cikin ruwa, faɗinsa na mota ɗaya. Sai ka juya mota ka yi baya-baya da tirela har ta nutse, jirgi ya taso, ka fice ka ba na bayanka wuri. Motoci sun fi ashirin a layi, kowa yana hanzarin shiga ruwa kafin rana ta ɗaga. Da layi ya zo kanmu Pak Mat ya haye cikin jirgi don ya tayar da inji, ya miƙa wa Yaya makullin mota. "Boleh, Doktor?" Yaya ya ce, "Boleh." Wato zai iya. Ƙarya yake, bai taɓa yi ba.

Ya juya sitiyari dama, tirela ta yi hagu. Ya mayar hagu, ta yi dama ta lanƙwashe har ta kusa sumbatar ƙofar mota. Ya yi gaba, ya sake. Sau huɗu. Mutanen Malesiya masu haƙuri ne, amma ranar na ji ƙarshen haƙurinsu. Aka fara danna hon. Wani ƙato mai jar hula ya fito daga motarsa yana ɗaga hannu yana cewa, "Cepat lah, bang!" wato ya yi sauri. Wasu suka ɗaga waya suna ɗauka. Ni ina kujerar baya cikin hijabi da rigar ruwa mai hana nutsewa a kai, kamar an ɗaure katifa, kunya ta ishe ni. Rigar Yaya ta jiƙe sharkaf. Mutumin da jiya-jiya aka tafa masa a babban ɗakin taro.

Baba yana gaba, yana ta kallon madubi. Can ya ce, "Kai, tsaya."

Ba "Kulu, ce masa" ya ce ba. Ni da Yaya muka dubi juna ta madubi.

"Ka manta tuƙa jirgi da filafili? In kana zaune a gindin jirgi kana son baki ya yi dama, ina kake tura ruwa? Haka abin ga yake. Kishiyar inda kake so za ka murɗa. Kaɗan-kaɗan. Bar kallon mai jar hula, dubi gindin jirgi."

Mutumin da bai taɓa riƙe sitiyari ba shi ya shigar da tirelar nan ruwa da baki. "Kaɗan. Isa. Miƙe. Taho." Jirgi ya taso, mutanen gangare suka yi tafi, har da mai jar hula. Baba ya gyara hularsa ya ci gaba da kallon gaba kamar ba shi ya yi magana ba.

Tafkin na madatsar ruwa ne, irin namu na Kainji, kuma busassun itatuwan dajin da ruwa ya cinye suna nan tsaye, farare, a tsakiyar ruwa. Baba ya daɗe yana kallonsu. Ya ce yana yaro ya ga irin haka, lokacin da ruwa ya taso ya rufe tsohon ƙauyensu. Daga nan ya sa hannun dama cikin ruwa ya bar shi yana ja. Shekara biyu rabonsa da zama cikin jirgi.

Irin kamun kifin Pak Mat ya ba shi mamaki da haushi a lokaci guda. Su suna ce masa tunda. Ba koma, ba mamari mai jerin ƙugiyoyi, ba ko tana a ƙugiya. Wani kifin roba ne mai fenti da ƙugiyoyi a ciki, a ɗaura shi a zaren sanda, a sake shi can baya, a kafe sandar a gefen jirgi, sai inji ya yi ta tafiya a hankali yana jan sa. Ku kuma ku zauna kuna shan shayi kamar fasinja. Baba ya juya robar a hannu ya ce, "Kifin ƙasar ga ba ya da hanci ne?" Yaya ya fassara, Pak Mat ya yi dariya har da riƙe ciki.

Bayan kamar awa guda sanda ɗaya ta lanƙwashe. Pak Mat ya naɗo zare ya fito da wani kifi mai jan wutsiya, ya kai tsawon kamu ɗaya. Ya cire ƙugiya a hankali, ya sa aka ɗauke shi hoto, ya sumbaci kan kifin, ya mayar da shi ruwa. Baba ya miƙe zaune. "Mi ya faru? Ya kuɓuce?" Aka ce a'a, haka al'adarsu take, a kama a saki. Ya ce, "Mun yi tafiyar awa biyar, mun ƙona mai, an zage mu a kwata, don mu gaisa da kifi?"

Rana ta ɗaga, ba a sake samun komai ba. Sai na ga Baba ya zuba wa wani lungu ido, kusa da itatuwan nan. Ruwa ya ɗan motsa, wani baƙin abu ya leƙo ya koma. Ya ce, "Kifin tufi ne. Yana fitowa shan iska." Ya taɓa kafaɗar Pak Mat ya nuna masa da hannu yadda zai kewaya, robar ta bi ta bakin itatuwan ba ta maƙale ba. Pak Mat ya ce, "Toman!" wato sunan kifin a yarensu, ya rage inji. Ba mai jin yaren wani, amma babu wanda ya nemi fassara.

Zagaye na biyu sanda ta yi wata irin ƙara, zare ya fara fita da gudu. Pak Mat ya zaro ta ya danƙa wa Baba, don shi ne baƙo. Baba ya riƙe da dama, ya miƙe tsaye yadda ya saba. Amma irin wannan sanda hannu biyu take so, ɗaya ya riƙe, ɗaya ya naɗa zare. Ya kai hagu kan mariƙin naɗa zaren, yatsun suka zame. Ya sake, suka zame. Kifin ya fizga, Baba ya tafi luu zai faɗa ruwa. Na yi salati da ƙarfi. Kafin in motsa Yaya ya cafke rigar ruwansa ta baya, ya rungume shi, ya zagayo da hannunsa ya kama mariƙin. Haka suka tsaya ƙirji da baya, Baba yana ɗaga sanda, Yaya yana naɗawa. "Saki kaɗan. Bar shi ya gaji. Yanzu, ja!" Sun kai minti goma kafin Pak Mat ya sa raga ya ɗago shi. Baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa, haƙora kamar na kare.

Baba ya zauna yana haki. Na kama hannunsa ina duba bugun jini, ya janye. Ya daɗe yana kallon hannunsa na hagu a kan gwiwa.

"Bashiru."

"Na'am, Baba."

"Hannun ga ba zai ƙara riƙe filafili ba. Tun ina gadon asibiti na sani, ban buƙaci likita ya gaya mini ba. Da ka bar ni kwana kaɗan, da kaina zan ce a ba da jirgin, kuma na san wanda zan ba. Abin da ya yi mini ciwo, ba ka tambaye ni ba. Ina da rai aka raba kayana."

Yaya ya durƙusa a cikin jirgin nan mai jiƙe. "Tsoro na ji, Baba. Ina nesa, ban san abin da zan yi ba. Ka yafe mini."

Pak Mat, wanda bai san me ake cewa ba, yana tsaye da kifi a raga yana jiran a yi hoto a saki. Ya dubi Yaya yana tambaya da ido. Yaya ya buɗe baki zai ba shi amsa, sai ya fasa. Ya juyo.

"Baba, kifinka ne. A sake shi, ko a tafi da shi?"

Baba ya dube shi, ya dubi kifin. Sai da ya ja lokaci, don ya ji daɗin tambayar. "A tafi da shi mana. Ni mahaukaci ne?" Ya ɗora hannunsa na dama a kan Yaya. "Allah ya yi maka albarka. Tashi, ka jiƙa wandonka."

Da muka koma gangaren, cunkoson ya fi na safe, masu fita da masu shiga sun cakuɗe. Yaya ya shigar da tirela a gwaji na biyu, Baba yana tsaye a gefe yana ba da umarni da sandarsa. A Yauri masunci ba ya wuce mutanen kwata da kifi bai ba da na miya ba, don haka Baba ya sa aka nemo wuƙa aka yanyanka. Mutane suka yi ta mamaki, wasu suna nokewa, yana tura musu. Mai jar hula ya samu kai, ya karɓa da hannu biyu yana ta sunkuyawa. Sauran wata mata mai shagon abinci a bakin ruwa ta soya mana da miyar barkonon nan mai sukari. Baba ya cinye tas bai yi ƙorafi ba.

Bayan mun dawo gida, kowace Juma'a Yaya yakan bugo waya, Baba ne mai ɗauka da kansa. Komai sai ya tambaye shi, motar da zai saya, makarantar yara, sunan jaririyar da Zulai ta haifa. Baba yakan ce, "Kulu, yayanki ya dame ni da tambaya," amma tun ranar Alhamis yake sa ni in cika masa waya da caji.

Da ciwon ya dawo, likitoci suka ce a ɗauke shi zuwa babban asibiti a Sakkwato, ko da yake ni da su mun san abin da ya rage. Na fita waje na kira Yaya ina kuka, na ce ya faɗi abin da za a yi, mota tana jira.  Sai ya ce, "Kin tambaye shi?"

Na koma ciki na tambaye shi. Ya ce a mayar da shi gida, ɗakinsa mai taga ta wajen ruwa. Muka sallami motar.